Ruwan Bagaja ko Magana Jari Ce: wanne za a fara miƙa wa yaro mai son wasan kwaikwayo?

Yayata ce ta kira ni ana saura kwana kaɗan a ba da hutu, ko gaisuwa ba mu gama ba ta shiga ƙorafi. 'Yarta da ke aji biyu na ƙaramar sakandare ta addabi gida da kwaikwayo. Ta kwaikwayi mai tallan kunu, ta kwaikwayi malamin lissafi, ran nan har ta ɗaura zanen kakarta tana nuna yadda take yi wa jikoki faɗa, tsohuwa na zaune tana kallo, ta rasa dariya za ta yi ko carbi za ta jefa mata.

"Tunda kai ne malamin Hausa," in ji Yaya, "ka nemo mata littafin da zai zaunar da ita wuri ɗaya. Amma fa mai ban dariya, in ba haka ba shafi biyu za ta karanta ta ajiye."

Na ce, "Yaya, littafi kam akwai. Zaunar da ita ne ban yi alkawari ba."

Na daɗe ina kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ɗalibai, na kuwa san irin waɗannan yara. Karatunsu ba irin na sauran ba ne. Wani yaron yana karanta labari ne don ya ji yadda za a ƙare. Mai son kwaikwayo kuwa murya yake nema. Yana karantawa leɓensa na motsi, in ya iso inda wani ya yi magana sai ka ga ya canza fuska. Littafin da marubuci ya cika da bayanin yanayin gari da tunanin zuci ba ya riƙe shi, ko da labarin ya kai zuma daɗi. Abin da yake so shi ne mutum biyu su tsaya gaba da gaba, wannan ya faɗa wancan ya mayar.

Da wannan ma'auni na auna, sai zaɓi ya tsaya a kan littattafai biyu na mutum ɗaya, Alhaji Abubakar Imam. Amma bari in fara sallamar shawarar da kowa ke kawowa da farko, wato a saya wa yaron littafin wasan kwaikwayo kai tsaye.

A ido shawara ce mai kyau, muna kuwa da su. Akwai Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, akwai Uwar Gulma na Mohammed Sada, akwai Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. An riga an raba su kashi-kashi da fitowa-fitowa, sunan mai magana na gefe, ba sai an sha wahala ba. Matsalar ita ce abin da suke magana a kai: auren da ya lalace, miji mai wulaƙanta mata, attajirin da ya ruɗi 'yar makaranta, zaman kotu gaban alƙali. Akwai raha a cikinsu, musamman a bakin 'yan gulma da masu shiga tsakani, amma raha ce ta manya, wadda sai ka san zaman aure take ba ka dariya. Yarinya 'yar shekara 13 za ta iya haddace maganar, sai dai ba za ta san inda gishirin yake ba. Waɗannan a ajiye su sai ta kai babbar sakandare. Wasan Marafa na Abubakar Tunau ya fi kusa da yara, amma darasin tsafta ne aka sa wa rigar wasa, yaro kuwa da wuri yake jin ƙamshin wa'azi. Haka nan kada wani ya ji an ce an taɓa mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan dandamali da fim ya ɗauka ya dace. Littafi ne babba, amma labarin bauta ne da rabuwar uwa da ɗa, mai neman dariya ba nan zai same ta ba.

To, mu dawo kan biyun.

Ruwan Bagaja ya fito ne daga gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, yana cikin littattafai biyar da aka zaɓa aka buga. Lokacin Imam yana malamin makarantar Midil ta Katsina, shekarunsa 22 kacal, tunda a 1911 aka haife shi a Kagara. Ina yawan gaya wa ɗalibai wannan, domin ana jin ƙuruciyar a cikin littafin. Rubutu ne na saurayin da bai riga ya koyi jin nauyin mai karatu ba, yana ta zuba tsiya son ransa.

Ƙashin labarin ba shi da wuya. Alhaji Imam, tauraron littafin, ya bar Kwantagora da rantsuwar sai ya samo ruwan nan da aka ce zai warkar da ɗan sarki, bayan an kunyata limamin da ya rene shi a fada don ya ambaci ruwan. Sai dai neman ruwan kusan hujja ce kawai ta fita yawon duniya. Abin da ke riƙe mai karatu shi ne Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Duk garin da Alhaji ya sauka ya fara samun gindin zama, sai ga Zurƙe, ko kuwa Zurƙe ya kafa tasa sana'ar sai ga Alhaji. Wannan ya yi wa wancan tsiya, a gari na gaba a rama, wanda ya yi nasara kuma ba ya tafiya sai ya bayyana kansa ya tuna wa ɗan'uwansa bashin da ya biya. Haka suke ta yi har suka gaji suka shirya.

Duk wanda ya taɓa shirya wasa zai gane abin da ke nan. Taurari biyu ne masu ƙarfi ɗaya, ba a san wanda za a goya wa baya ba, domin dukansu 'yan duniya ne. Kowane gari fitowa ce mai zaman kanta, da shigarta da rikicinta da fitarta. Ga sauya kama: yau mutum malami ne, gobe wani abu dabam, riga da rawani kawai ake canzawa. Ga kuma babban sirrin ban dariya a dandamali, wato 'yan kallo su san abin da mutanen cikin wasa ba su sani ba. Tunda Alhaji ne da bakinsa yake ba da labarin, mai karatu ya zama abokin sirrinsa. Mun san ƙarya yake yi, mutanen gari ba su sani ba, muna ta jiran ranar da asiri zai tonu.

Misalin da na fi so shi ne inda Alhaji ya sauka wani gari ya ce shi malami ne, alhali ba shi da karatun. Zurƙe, wanda ya fi shi sani nesa ba kusa ba, ya zo zai tona shi gaban jama'a. Sai Alhaji ya zana wata 'yar lanƙwasa a ƙasa ya ce a faɗi ko mece ce. Zurƙe ya yi ta kiran sunayen baƙaƙe, ana ce masa bai faɗa daidai ba, daga ƙarshe Alhaji ya ce ai jinjirin wata ne. Jama'a suka duba suka ga lalle haka wata yake ran tsayuwarsa, aka yi wa mai ilimi ature, jahili ya ci gari. Mun taɓa ɗora wannan a dandamalin makaranta da sanda ɗaya da tabarma da rawani biyu na aro. Yaron da ya fito a Zurƙe bai ƙara ko kalma a kan abin da ke littafi ba, fuska kawai ya yi ta saki yana duban ƙasa yana duban jama'a, iyaye suka yi ta dariya har da masu share hawaye. Wanda ya san tashen "Ka yi rawa kai malam" ya san Bahaushe ya daɗe yana jin daɗin a tsokani mai rawani, muddin cikin wasa ne.

Wani abin da ke taimakon mai son kwaikwayo shi ne yadda aka gina maganganun. Kusan duk shafi "na ce" ne da "ya ce". Yaro ya ɗauki fensir ya soke waɗannan, ya rubuta suna a gefe, ya sami wasa a hannunsa. Har mai ba da labari an tanadar masa, domin littafin ya buɗe ne da Alhaji yana zaune yana ba Koje Sarkin Labari da jama'a tarihinsa. Mu abin da muka yi shi ne muka fito da Alhaji biyu: tsoho a gefen dandamali kan buzu yana ba da labari, saurayi a tsakiya yana aikatawa. Duk inda tafiya ta yi tsawo, tsohon ya haɗiye ta da jimla biyu.

Ga kuma gajarta. Littafi ne siriri, mai karatu da sauri zai gama shi a zama biyu ko uku. Ga yaron da bai saba gama littafi ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ranar da ya rufe bangon ƙarshe ya ce "na gama", ranar ce zai tambayi na biyu.

Aibinsa fa? Akwai, ba kuwa zan ɓoye ba. Na farko, mata kusan ba su da wuri a cikinsa. Duniyar maza ce, ta fada da kasuwa da zaure da hanya. Na biyu, tauraron ba abin koyi ba ne. Yana zamba, yana ƙarya, ana duka ana ɗauri, wani lokaci wanda bai ji ba bai gani ba shi ke kwana a ciki. Akwai kuma tsokanar baƙauye da ta wasu ƙabilu irin ta zamanin da aka rubuta shi, wadda a zaure tsakanin abokan wasa ba komai ba ce, amma a dandamalin makarantar da ta tara 'ya'yan kowa sai an tace. Na uku, can wajen ƙarshe, da aka shiga duniyar aljannu aka doshi ruwan kansa, dariyar tana raguwa, labarin ya koma na al'ajabi. Yara da yawa sun gaya mini daga inda Zurƙe ya daina fitowa suka fara hamma. Ban ga laifinsu ba, ni ma haka nake ji.

Magana Jari Ce kuwa wani abu ne dabam. Imam ya rubuta shi ne bayan an ɗauko shi daga Katsina zuwa Zariya a 1936 don ya yi littattafan karatu na makarantu, aka fitar da shi littafi uku, shi kuma ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. In za a bi ƙa'ida, ba ƙagaggen labari guda ba ne, taron labarai ne da aka zuba cikin wani babban labari. A littafi na ɗaya aku ne ke ta ba Musa ɗan Sarki Abdurrahman labari dare bayan dare don ya hana shi fita, saboda makircin waziri, yayin da sarki ya tafi yaƙi. A na biyu gasar ba da labari ce tsakanin aku da wani akun. A na uku aku ya zama uba yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana. Da yawa daga labaran an samo tushensu daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da na Indiya, amma Imam ya yi musu wankan Hausa har ba ka ganin ɗinkin.

A nan hannun marubucin ya nuna. Hausar ta fi ta Ruwan Bagaja gogewa, karin magana ya fi yawa, labarai da yawa ma sunayensu karin magana ne. Ga mai neman abin da zai ɗora a dandamali kuwa, rumbu ne. Ɗauki labarin Kalala da Kalalatu. Mutum uku kawai ake bukata: miji, mata, baƙo. An soya kaji don baƙo, matar ta yi ta ɗanɗanawa har ta cinye, sannan ta tsorata baƙon cewa wuƙar da mijin ke wasawa dominsa ce, ta juya ta gaya wa mijin baƙo ya gudu da kaji. Sai ga miji da wuƙa a hannu yana bin baƙo yana roƙon ko ɗaya a bar masa, baƙo kuwa yana jin haka yana ƙara mai. Minti goma ya isa, kayan wasa kuwa faranti ne da wuƙar kwali. Ban taɓa ganin an yi shi ba a yi dariya ba, ko da 'yan wasan sun manta rabin maganarsu. Haka labarin Sahoro da Sahorama, miji da mata da suka haɗu a kan lalaci, wanda yara ke so domin ana yin rabinsa a kwance.

Ka lura a duka labaran nan biyu mace ce ke riƙe da wasan, ko aƙalla rabinsa. Wannan shi ne inda Magana Jari Ce ya yi wa Ruwan Bagaja fintinƙau. Ƙungiyar da ke da 'yan mata da yawa za ta sami abin raba musu. Ga sarakuna da fadawa da ɓarayi da alƙalai da dabbobi masu magana, kowane yaro da irin muryar da zai gwada. Ba mamaki da gidan talabijin na NTA Kaduna ya mai da shi wasa a shekarun 1980, har manya da yawa a yau in an ambaci littafin fuskar marigayi Ƙasimu Yero suke fara tunawa.

To me ya hana in ce a saye shi a huta? Abu biyu.

Ɗaya, ba duka labaran ne na dariya ba. Akwai na tausayi, akwai na jarumtaka, akwai na wa'azi tsantsa, wasu kuma dogaye ne ƙwarai. Yaron da aka ce wa "ga littafi mai ban dariya" ya buɗe ya tarar da shafuffuka na haihuwar ɗan sarki da shirin yaƙi kafin aku ya fara zuba, yana iya cewa an yaudare shi. Sai an sami babba ya yi masa alama a kan labaran da zai fara da su. Biyu, kuma wannan ya fi muhimmanci a wurina, ba wanda za ka zauna da shi. Kalalatu ta ba ka dariya shafi kaɗan ta wuce, ba za ka sake ganinta ba. Aku yana nan daga farko har ƙarshe, gwanin baki ne kuwa, amma mai ba da labari ne, ba shi ake yi wa dariya ba. Mai koyon kwaikwayo yana bukatar mutum guda da zai bi daga gari zuwa gari har ya san yadda yake tafiya, yadda yake washe baki in ya yi nasara, yadda yake sunkuyar da kai in an kama shi. Wannan Zurƙe ne ke ba da shi. Bayan fitowa uku ko huɗu yaro ya riga ya ƙera masa murya, in ya sake ɓullowa tun kafin ya yi magana an fara dariya. A Magana Jari Ce kullum sabon mutum ake farawa da shi.

Akwai abin da suka yi tarayya a kai, gara iyaye su sani tun wuri: Hausar ta shekarun 1930 ce. Za a ci karo da kuɗin da aka daina kashewa, irin su sule da fam da anini, da sarautu da kayan sawa da yaron birni bai taɓa ji ba. A Ruwan Bagaja labarin na gudu, yaro yakan tsallake kalmar ya wuce ba tare da ya ɓata ba. A Magana Jari Ce sau da yawa dariyar tana cikin karin maganar ne, in bai gane ta ba ta wuce shi. Maganin wannan ba ƙamus ba ne, kaka ce. A sa yaro ya karanta da ƙarfi a tsakar gida bayan sallar isha'i, duk inda ya yi tuntuɓe tsohuwa za ta ɗaga shi, ta ƙara masa da labarin da ba ya cikin littafin.

Wajen saye kuma a buɗe a duba. Bugun kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya shi ne wanda aka sani, amma kasuwa ta cika da na gurzawa, wasu tawada ta dushe, wasu shafi ya ɓace a tsakiya, wasu ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ba ta fita sosai. Ga mai karatu a zuci wannan ƙaramin abu ne. Ga mai karantawa da murya kuwa, in ƙugiya ta ɓace sai ya ce "kafa" inda ake nufin "ƙafa". In kuɗi bai kai a sayi Magana Jari Ce duka uku ba, ba laifi a fara da ɗaya, kowanne yana tsayawa da ƙafarsa.

Saboda haka ga yadda nake raba su. Yaro ɗaya, mai shekara 11 zuwa 15, yana son ya karanta ya yi dariya ya kuma sami wanda zai kwaikwaya: Ruwan Bagaja. Malami ko shugaban ƙungiya mai neman gajeren wasa na ranar rabon kyaututtuka, ko gida mai yara da yawa da kowa ke son a ba shi nasa: Magana Jari Ce, a zaɓo labaran da hannu. Wanda bai kai shekara 10 ba, a karanta masa Magana Jari Ce, tsiyar Alhaji da Zurƙe ta jira shi tukuna.

'Yar Yaya dai Ruwan Bagaja na kai mata, duk da na san ba mace a ciki da za ta fito a matsayinta. Na faɗa mata haka tun kafin ta buɗe. Ta dube ni ta ce, "Kawu, a tashen Mairama da Daudu wa yake fitowa a Daudu? Ba mu ba ne?" Gaskiyarta, 'yan mata ne ke sa riga da hula su yi Daudu, tun kakanninmu.

Bayan kwana huɗu Yaya ta sake kira. Audugar da ke cikin matashin ɗakin baƙi ta ragu, an yi gemu da ita. Rawanin maigidan ya ɓace daga inda yake rataye. Ƙanenta biyu an tilasta musu zama mutanen gari, an ce aikinsu kawai su ce "ƙwarai kuwa, malam" duk abin da aka faɗa. Ita kuma ta ƙi fitowa a Alhaji, ta ce Zurƙe take so, don shi ne in an ci shi ya fi ban dariya.

"Kai na ce ka zaunar da ita," in ji Yaya.

Na ce, "Ai na gaya miki ban yi alkawari ba. In an kwana biyu zan aiko da na aku, a ba ta Kalalatu. Sai dai ki ɓoye kajinki."